Masanin da ya shafe shekaru yana neman ƙudan zuman da ya ɓace

A ranar 9 ga watan Agustan 2006 ne aka yi wa wani nau'in ƙudan zuma na daji mai suna Franklin ganin ƙarshe, a kan tsaunin Ashland da ke jihar Oregon ta Amurka.

Wanda ya gan shi kuwa shi ne Farfesa Robbin Thorp, masanin ƙwari na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis.

Kodayake ya yi ritaya tun a 1994, malamin ya ci gaba da hawa tsaunuka duk lokacin zafi da ragarsa ta kamun ƙwari, yana duba furanni ɗaya bayan ɗaya, har zuwa ƙarshen rayuwarsa. Ya rasu a 2019 yana da shekaru 85, ba tare da ya sake ganinsa ba.

Ba kowane ƙuda ke yin zuma ba

Akwai nau'o'in ƙudan zuma kimanin 20,000 a duniya, kuma mafi yawansu ba sa zama a amya, ba sa kuma tara zumar da mutum zai ɗiba. Da yawa a cikin ƙasa suke gina ramukansu.

Amfaninsu shi ne barbarar tsirrai, wato kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan domin shuka ta yi 'ya'ya.

Wani rahoton masana na ƙasa da ƙasa da aka fitar a 2016 ya nuna cewa fiye da kashi 75 cikin ɗari na manyan nau'o'in amfanin gona na cin moriyar irin wannan barbara.

Yadda ake aikin

Franklin baƙi ne mai kauri da gashi, da rawaya a kafaɗa, kuma ba a san shi a ko'ina ba sai a wani ɗan yanki na kudancin Oregon da arewacin Kalifoniya.

Aikin masani irin Thorp shi ne komawa wurare guda kowace shekara, ya kama ƙuda, ya tantance nau'insa, sannan ya rubuta rana da wuri da furen da ya same shi a kai.

Wannan ƙidaya ce ta tona asirin abin da ke faruwa. A 1998 ya ƙirga guda 94, a 1999 suka koma 20, a 2003 kuma uku kacal. A 2004 da 2005 bai ga ko ɗaya ba.

Me ya jawo?

Thorp ya zargi wata cuta da ake jin ta bazu daga ƙudajen da kamfanoni ke kiwo domin barbarar tumatir a rumfunan gilashi.

Furen tumatir ba ya sakin garinsa sosai sai an girgiza shi. Dangin Franklin na iya yin hakan da karkarwar jikinsu, abin da ƙudan amya ba ya iyawa, shi ya sa aka mayar da kiwonsu sana'a.

Masana na kuma ambaton magungunan ƙwari da raguwar furannin daji.

A 2010 Thorp da ƙungiyar Xerces suka nemi gwamnatin Amurka ta ba ƙudan kariya ta doka. Sai a 2021, shekaru biyu bayan rasuwarsa, aka sanya shi cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa.

Matakin ya dogara matuƙa a kan alƙaluman da ya tattara, kuma masu bincike sun ci gaba da zagaya tsaunukan da ya saba bi.