Kafin A Ce Gas Ya Ƙare: Yadda Za A Kula Da Iyakwandishan A Bazara

Daga tsakiyar watan Maris zuwa faɗuwar damina, zafin rana a Sakkwato da Maiduguri da Kano da Yola yakan haura digiri 40, kuma a wannan tsakanin ne wayar masu gyaran iyakwandishan ba ta hutawa. Ƙorafin kusan iri ɗaya ne: na'ura tana kunne, tana hura iska, amma ba sanyi. Amsar da ake ba maigida ita ma kusan ɗaya ce: "Alhaji, gas ne ya ƙare." Sai a biya kuɗi a ɗura, bayan makonni kaɗan a koma gidan jiya. A ganina wannan amsa ta ci kuɗin mutane fiye da lalacewar na'urorin kansu, domin yawancin matsalolin bazara daga ƙura da rashin daidaiton wuta suke fitowa.

Sai an san yadda abin yake aiki za a gane dalili. Iyakwandishan ba ya ƙirƙiro sanyi. Abin da yake yi shi ne kwashe zafin ɗaki ya fitar waje. Ɓangaren da ke cikin ɗaki yana zuƙo iska ya bi da ita ta kan bututun tagulla masu sanyi, gas ɗin da ke cikin bututun ya ɗauki zafin, kwamfireso ya tura shi zuwa ɓangaren waje, inda fanka take kore zafin. Gas ɗin zagaye yake yi cikin rufaffen bututu, ba ƙonewa yake kamar fetur ba. Saboda haka duk abin da ya tare hanyar iska, ciki ko waje, zai rage sanyi ko da gas ɗin yana nan cif.

Abin da ya fi tare hanyar iska a ƙasarmu kuwa kowa ya san shi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana tafe da hazo, mutane da yawa ba sa ma kunna na'urar, ƙura tana ta sauka a kanta. Rana ɗaya zafi ya shigo, a danna rimot, a sa ran ta yi aiki kamar sabuwa. Idan ka ɗaga murfin gaba na ɓangaren cikin ɗaki, za ka ga raga biyu masu tace ƙura. Zare su ba ya buƙatar sukundireba. A kakkaɓe, a wanke da ruwa da ɗan sabulu, a shanya a inuwa su bushe sarai, a mayar. A lokacin zafi, a yi haka duk mako biyu. Gidan da ke bakin hanyar da ba kwalta ya yi duk mako. Wannan aiki na minti goma shi kaɗai yakan dawo da sanyin da ake nema.

Ɓangaren waje shi ne maraya, ba mai leƙa shi. Siraran ƙarafan da ke bayansa suna cushewa da ƙura da ganye da leda, zafi ya rasa hanyar fita, kwamfireso ya yi ta wahala har ya kashe kansa don kariya. Shi ya sa wata na'urar take sanyi da dare amma ta gaza da azahar. A kashe wuta daga makunni tukuna, sannan a wanke ƙarafan da ruwa a hankali, a kauce wa wurin da wayoyi suke. Kada a watsa ruwa mai ƙarfi irin na wankin mota, domin ƙarafan suna lanƙwashewa. A kuma duba inda aka girke shi. Wasu don tsoron ɓarayi suna ƙera masa keji su rufe da kwano ta ko'ina, wasu su manna shi da bango, wasu su jibga kaya a gabansa. Kejin ba laifi ba ne muddin na sanduna ne da iska ke ratsawa, kuma rumfa daga sama tana taimakawa. Ƙadangaru da ɓeraye ma suna shiga su taɓa allon lantarki ko su gaigaye waya, don haka a toshe ramin da bututu ya ratsa bango.

Ruwa yana ɗiga daga na'urar cikin ɗaki? Yawanci siririn tiyon da ke fitar da ruwa waje ne ya toshe da laka ko gansakuka, ko kuma ya lanƙwashe. A buɗe shi, a tabbatar gangare yake yi. Wannan ya fi yawa idan damina ta kusanto, iska ta fara ɗaukar laima. Idan kuma ƙanƙara ce ta taru a kan bututu, kada a yi murna wai sanyi ne ya yi yawa. Alama ce ta iska ba ta wucewa ko gas yana zurarewa. A kashe, a bar ƙanƙarar ta narke da kanta, a wanke raga, a sake gwadawa. In ta dawo, sai a kira mai gyara.

Sai maganar wuta, wadda ita ce take kashe na'ura kisan da ke da tsada. An ƙera waɗannan na'urori su yi aiki da wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240. A bazara kowa ya kunna fanka da firji da iyakwandishan, taransifoma ta yi nauyi, wuta ta zo a raunane. Kwamfireso yana ƙoƙarin tashi, yana gurnani, yana zafi, har wayoyin cikinsa su ƙone. In ka ga ƙwan fitila ya dushe, kashe na'urar ya fi alheri, kuma sitabilaiza mai ƙarfin da ya dace da ita ta fi sabon kwamfireso araha nesa ba kusa ba. Haka nan idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, ko aka juya daga layin gwamnati zuwa janareta, a dakata kamar minti uku kafin a sake kunnawa, don matsin gas ya daidaita. Sababbin na'urori suna yin wannan jinkiri da kansu, kada a ɗauka lalacewa ce. A ba na'urar layinta da makunninta, kada a haɗa ta da dutsen guga a soket ɗaya. Akwai kuma wata 'yar gwangwani da ake kira kafasita, wadda take taimaka wa kwamfireso tashi. Zafi yana saurin kashe ta, kuma canza ta ba tsada, amma aikin mai gyara ne, domin tana riƙe wuta ko bayan an kashe makunni.

Wani kuskuren na rimot ne. Sa shi a 16 ba ya sa ɗaki saurin yin sanyi. Abin da yake yi kawai shi ne hana kwamfireso hutawa. Digiri 24 zuwa 26 tare da fankar sama ya wadatar. Tun da hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, mai mita ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. A rufe ƙofa da taga, a saki labule a gefen da rana take bugawa. Kuma na'ura mai ƙarfin doki ɗaya ta ɗakin kwana ce, ba za ta iya da babban falo ba komai lafiyarta.

To, wani lokacin gas ɗin da gaske ya ragu. Amma tunda bututun rufaffe ne, raguwarsa na nufin akwai ɓula, galibi a mahaɗar bututu inda ake ɗaure goro. Mai gyaran kirki zai nemo wurin, ko da kumfar sabulu ce, ya toshe, ya zuƙe iskar da ta shiga bututun da injin da ake yin hakan, sannan ya ɗura. A duba takardar da ke manne a jikin ɓangaren waje: an rubuta irin gas ɗin, R22 ne ko R410A ko R32. Ba a gauraya su, ba a kuma musanya wani da wani. R22 na tsofaffin na'urori ne, kuma ana janye shi daga duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarsa ga sararin sama. R32 kuwa yana iya kamawa da wuta, don haka ba a yin walda a bututu da shi a ciki.

In ka ji ƙauri, ko makunni yana ta faɗuwa, ko wata ƙara ta ƙarfe da ba ka saba ji ba, kashe nan take ka nemi ƙwararre. In kuwa sanyi ne kawai ya ragu, fara da raga da ɓangaren waje. Duk mai gyaran da ya ce maka gas ya ƙare, ce masa ya nuna maka inda ya zurare kafin ka biya.