Kabiru Rurum da Majalisar Kano: Abin da Sakamakon Zaɓe Ba Ya Faɗa wa Manomin Rani

A takarda, tarihin zaɓen Kabiru Alhassan Rurum abin sha'awa ne. A 2015 mutanen Rano suka tura shi majalisar dokokin jihar Kano a jam'iyyar APC, takwarorinsa suka ɗora shi a kujerar kakaki. A 2019 ya haye zuwa majalisar wakilai ta tarayya, yana wakiltar Rano da Bunkure da Kibiya. A 2022 ya sauya sheƙa zuwa NNPP, ya sake cin kujerar a 2023, sannan a 2025 ya koma APC. Magoya bayansa kan ce mutumin da aka zaɓa a jam'iyyu biyu masu gaba da juna, ai jama'a ne suka gamsu da aikinsa. Ni kuwa ina ganin sakamakon zaɓe a Kano ya fi nuna gidan siyasar da mutum ya tsaya a ranar ƙuri'a, bai cika nuna abin da ya yi a zauren majalisa ba. Manomin rani na Bunkure da Kura da Madobi, wanda abincinsa ya rataya a kan ruwa da taki da hanya, shi ya fi kowa buƙatar ya bambance waɗannan abubuwa biyu.

A fara da yadda aka tsara ranakun zaɓen. Ɗan majalisar jiha rana ɗaya ake zaɓensa da gwamna, ɗan majalisar wakilai kuma rana ɗaya da shugaban ƙasa. Mai ƙuri'a yana fitowa daga gida da babban ɗan takara a ransa, sauran takardun kuma ya dangwala musu sak. A 2015 guguwar Buhari ce ta share Kano. Ranar da Rurum ya ci kujerar tarayya a Fabrairun 2019, Buhari ya samu ƙuri'a 1,464,768 a jihar. Ranar da ya sake ci a Fabrairun 2023, Rabi'u Musa Kwankwaso, ɗan ƙaramar hukumar Madobi, ya kwashi ƙuri'a 997,279 a Kano, Bola Tinubu yana da 517,341. Makonni kaɗan bayan haka NNPP ta ci kujeru 26 cikin 40 na majalisar jiha. A zaɓukan nan uku, Rurum yana tsaye ne a ɓangaren da ya yi rinjaye a faɗin jihar. Wannan shaida ce ta iya karanta siyasa, kuma ba ƙaramar baiwa ba ce. Amma ƙuri'ar da aka kaɗa don jar hular Kwankwaso ko don tsintsiyar APC ba za a ƙirga ta a matsayin hukunci kan aikin majalisa ba.

Inda ake ganin aikin shi ne zauren majalisar, kuma shekarun Rurum a kujerar kakaki cike suke da manyan al'amura. A watan Mayun 2017 majalisar ta fara binciken Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II, sai ta dakatar bayan Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya rubuto mata cewa manyan ƙasa sun sa baki. A farkon Yulin shekarar Rurum ya yi murabus, ana tsaka da zargin cewa an ba da kuɗi don a binne binciken, zargin da ya musanta. Yusuf Abdullahi Ata ya gaje shi. A ƙarshen Yulin 2018, kwanaki kaɗan bayan Kwankwaso ya bar APC zuwa PDP, aka tsige Ata, Rurum ya dawo. A Oktoban wannan shekara jaridar Daily Nigerian ta fitar da faifan bidiyon da ake zargin gwamna da karɓar daloli, majalisar ta kafa kwamiti ƙarƙashin Baffa Babba Ɗan'agundi, kotu ta tsayar da aikin kwamitin, maganar ta mutu a nan. Sai Mayun 2019, lokacin da majalisar ta yi dokar kafa sabbin masarautun Rano da Gaya da Ƙaraye da Bichi a cikin 'yan kwanaki, gwamna ya sa hannu ranar 8 ga wata.

Dokar masarautun nan ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce babbar alamar da majalisar Rurum ta bari. Ba za a ce mutanen Rano ba su so ta ba. Rano tana cikin Hausa Bakwai, kuma da yawa daga mutanen kudancin Kano sun daɗe suna jin an bar su a baya. To amma gaggawar da aka yi ce ta zama rauninta. A Nuwamban 2019 babbar kotun jiha ta soke dokar saboda ba a bi ƙa'ida ba, majalisar da ta biyo baya ta sake yin ta a Disamba. Ranar 23 ga Mayun 2024 wata majalisar, mai rinjayen NNPP, ta rushe ta da irin wannan gaggawar, aka mayar da Sanusi kan karagar da aka sauke shi daga kanta, daga baya aka dawo da Rano da Gaya da Ƙaraye a matsayin masarautu masu daraja ta biyu. Cikin shekara biyar, mutumin Bunkure ya ga an sauya masa matsayin masarautarsa sau da dama, kuma kowane sauyi da majalisa ta yi ya zo daidai da abin da gwamnan lokacin yake so. Wannan ya nuna majalisar Kano ta iya sauri idan fadar gwamnati ta matsu. Manomi yana da haƙƙin ya tambaya ko ya taɓa ganin irin wannan saurin a kan abin da ya shafi gonarsa.

Za a ce wannan tambaya ba ta hau kan ɗan majalisar jiha ba, tunda noman ranin yankin na gwamnatin tarayya ne. Akwai gaskiya a ciki. Madatsar ruwa ta Tiga an gina ta ne zamanin Audu Bako, a farkon shekarun 1970, amma ita da magudanan da ke kai ruwa Kadawa da Kura da Bunkure suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ta tarayya ce. Ɗan majalisar jiha ba shi ke buɗe ruwa ba, ba shi ke ba da kwangilar yashe kanal da cire kacala ba. Sai dai ruwa rabin noma ne kawai. Hanyar da za a fito da tumatir daga gona zuwa Kwanar Gafan kafin ya ruɓe, da malaman gona na KNARDA, da takin kamfanin KASCO, da sasanta manoma da makiyaya, da asibitin da zai kula da masu zazzaɓin cizon sauro a gefen ruwa, duk suna cikin kasafin kuɗin jiha. Tsarin mulkin 1999 ya ce gwamna ba zai kashe kuɗin jiha ba sai majalisa ta amince, sashe na 128 kuma ya ba ta ikon binciken yadda aka kashe. A 2016, shekarar da masana'antar tumatir ta Dangote ta buɗe a Kadawa, tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki. Irin wannan annoba malamin gona ne ke fara ganinta, kuma yawan malaman gona da kuɗin man babur ɗinsu a majalisar jiha ake yanke su.

Akwai kuma masu cewa talaka ba doka yake nema a wurin ɗan majalisa ba, rijiyar burtsatse yake so, da aikin yi ga ɗansa, da gudummawa ranar suna ko rashin lafiya. Wannan hujja ta fi ta farko nauyi, kuma bai kamata a raina ta ba. Inda ƙaramar hukuma ba ta da kuɗin kanta, ƙofar ɗan majalisa ce mafi kusa, kuma wanda ya buɗe ta ya cancanci godiya. Babu shakka irin wannan hidima tana cikin abin da ke riƙe wa ɗan siyasa jama'arsa idan ya sauya jam'iyya. Amma rijiya ɗaya gari ɗaya take shayarwa, layi ɗaya a kasafin kuɗi kuwa yana iya gyara hanyar da garuruwa goma ke bi. Kuma ɗan majalisar da ke dogaro da gwamna don samun abin rabawa, da wuya ya tashi a zaure ya tambayi gwamnan ina kuɗin taki suka shiga. A nan ne alherin da ake gani da ido yake cinye aikin da aka zaɓe shi dominsa.

Sauya sheƙa ma tana da nata lissafin. Sashe na 109 na tsarin mulki ya ce ɗan majalisar jiha da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya rasa kujerarsa, sai in jam'iyyar ce ta rabu, sashe na 68 ya faɗi haka ga na tarayya. A aikace kowa kan kafa hujja da rikicin cikin gida ya ci gaba da zama. Wanda ya dangwala wa NNPP a Bunkure a 2023, bayan shekara biyu ya wayi gari wakilinsa na APC, ba tare da an sake kai masa akwati ba.

Abin da zai fi amfanar ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da na manoman shinkafa da tumatir a Madobi da Kura da Garun Malam da Bunkure shi ne su riƙa ajiye nasu kundin a kan kowane wakili: ƙudirin da ya gabatar, kwamitin da yake ciki, aikin da ya sa a kasafi da nawa aka saki, da inda ya tsaya ranar da aka yi doka cikin gaggawa. Gwamna kan kai kasafin shekara mai zuwa gaban majalisa a watannin ƙarshen shekara, daidai lokacin da ake shirin dashen rani, majalisar kuma kan yi zaman jin ra'ayin jama'a kafin ta amince. Ƙungiyar da ta je wannan zama da rubutacciyar buƙata, mai sunan hanya da tsawonta da garuruwan da ta haɗa, za ta iya komawa bayan shekara ta tambayi wakilinta a gaban jama'a inda aka kwana.