Ƙwayoyi biyun da masu rabon maganin damina suka bar miki

Da zarar ruwa ya zauna a watan Yuli, za ki fara ganinsu a lungu: mutum biyu-biyu, yawanci mata, jaka a kafaɗa, alli a hannu, suna sallama gida-gida. Su ne masu rabon maganin kare yara daga zazzaɓin cizon sauro. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta ba da shawarar wannan tsari a 2012 domin yankinmu na Sahel, inda zazzaɓin ya fi kamari a watannin damina. A Najeriya an fara shi a jihar Katsina a 2013, yau kuwa ya kai Kano, Jigawa, Sakkwato, Zamfara, Yobe da sauransu. 'Yan'uwanmu na Nijar ma suna yi.

Ra'ayin unguwa a kansa ya kasu. A gidan suna za ki ji wata na cewa tun da aka fara ba yaranta, zaryar kemis ta ragu. Wata kuma ta ce maigida ya hana, wai yaro lafiyarsa ƙalau, a kan me za a ɗura masa magani? A majalisar maza kuwa maganar ba ta wuce: mu da ke neman abinci da taki, sai ƙwaya kullum. Ban ga laifin mai tambaya ba. Amsar ita ce, ƙwayar cutar tana iya zama a jinin yaro yana ta wasansa, kafin ta kwantar da shi. Maganin yana share wadda ke ciki, ya kuma tsare shi kusan kwana 28. Shi ya sa suke dawowa duk wata, sau huɗu, a wasu jihohin sau biyar.

Amma 'yar'uwa, waɗanda suka ƙi karɓa ba su fi damuna ba. Na fi jin takaicin gidan da aka karɓa da fara'a, aka yi wa bango alama, sannan aka tsaya rabin hanya. Ranar farko ƙwaya biyu ake ba yaro a gaban mai rabo: ɗaya dangin Fansidar, ɗaya amodiyakwin. Sauran biyun da ke cikin kwalin naki ne, ɗaya gobe, ɗaya jibi. Idan ba a sha su ba, kariyar ba ta cika ba. A ɗakin yara na asibiti, daga Satumba zuwa Oktoba gado ba ya isa. Ga masu jijjiga, ga waɗanda tafin hannunsu ya yi fari fat sai an ƙara musu jini. Mu tambayi uwa ko yaron ya sha maganin rabo, ta ce ya sha. Ragowar fa? Suna kan durowa.

Akwai kuma masu ba yayansa. Na san zuciyar uwa, ɗan shekara bakwai na tsaye yana kallo an ba ƙaninsa. Sai dai an auna maganin ne daidai ɗan wata 3 zuwa wata 59, har ma kwalin 'yan ƙasa da shekara daban yake da na manyansu. Kin raba, babban bai samu abin da zai ishe shi ba, ƙaramin kuma kin bar shi a fili.

In yaro ya yi amai kafin rabin awa da sha, a gaya wa mai rabo ta sake ba shi. In jikinsa da zafi ranar da suka zo, ba wannan ne maganinsa ba, asibiti za a kai shi a gwada jini. Ki kuma faɗa musu in yana shan Septrin, ko ya taɓa yin ƙuraje ko kumburi bayan shan irinsa, ko an ba shi maganin zazzaɓi a 'yan makonnin nan. Gidan sauro kuma yana nan daram, ƙwaya ba ta soke shi ba.

Wayar nan da kike karanta ni a kai, ki saita mata ƙararrawa ta kwana biyu, ko ki haɗa shan da sallar azahar. Katin da suka ba ki a adana shi tare da na rigakafi, sannan kafin su fita ki tambaye su ranar dawowa, don kada ta yi daidai da ranar da kuka tafi biki.