Inuwa Domin 'Ya'yanmu

Karatu: Yunusa, sura 4

Yau za mu yi magana a kan filin wasan makaranta, inda 'ya'yanmu suke yini.

A cikin karatunmu mun ga annabi Yunusa zaune a bayan birnin Nineba, rana tana dukansa. Allah ya sa wani tsiro ya yi masa inuwa, ya kuwa yi murna ƙwarai. Da tsiron ya bushe sai ya husata. Ubangiji ya nuna masa cewa ya ji tausayin tsiron da bai sha wahalarsa ba, amma bai ji tausayin mutanen birni ba. 'Yan'uwa, haka muke. Kowa yana neman gindin itace ya ajiye motarsa, amma yara suna fita tara da tsakar rana a fili fetal.

Bari in ba ku labarin birnin Paris na ƙasar Faransa. A shekara ta 2003 zafi ya kashe mutum wajen 15,000 a ƙasar. Zafin nan ya zama darasi ga hukumomi. Da shugabannin Paris suka nemi wuraren da za su sanyaya, sai suka ga babu unguwar da ba ta da makaranta, filayen makarantun kuwa kusan duk an shafe su da kwalta. A shekara ta 2018 suka fara da makarantu 3. Suka fasa kwalta, suka zuba ƙasa da yashi, suka dasa itatuwa, suka sa famfunan ruwan sha. Sunan da suka ba aikin yana nufin dausayi a cikin hamada. Daga baya suka riƙa buɗe waɗansu filayen ranar Asabar domin mutanen unguwa su sha iska.

Me ya sa wannan dabara take aiki? Kwalta da siminti suna shan zafin rana dukan yini, da dare kuma su sake shi, shi ya sa cikin gari ya fi ƙauye zafi. Itace kuwa yana tare rana, yana kuma jawo ruwa daga ƙasa ya fitar ta ganyensa, iska ta yi sanyi, kamar yadda randar ƙasa take sanyaya ruwa. Haka kuma da damina. Ruwan da ya sauka a kan siminti ba shi da wurin shiga, sai ya ruga cikin kwata gaba ɗaya, kwata ta cika, ruwa ya shiga gidaje. Ƙasa mai ciyawa da saiwoyi tana shanye shi a hankali, har rijiyoyi su amfana. Wannan ba zai tare ambaliya irin ta Maiduguri a 2024 ba, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle. Amma yana rage ruwan da yake kwanciya a unguwa.

Ikkilisiyoyinmu da yawa suna da makarantu, kuma mun ɗauka shafe fili da siminti shi ne ci gaba. Dattawan ikkilisiya, ku sake tunani. Ku bar rabin fili ƙasa. A farkon damina ku dasa darbejiya da mangwaro da gwaiba, nesa kaɗan da gini saboda saiwa. Ku kewaye su da ƙaya saboda awaki. Kowane aji a ba shi itacensa ya riƙa yi masa banruwa da rani. Inda indararo yake zuba, a haƙa ɗan rami a cika shi da tsakuwa da yashi, ruwa ya nutse kada ya kwana ya tara sauro. Zumuntar mata da matasa za su iya ɗaukar wannan aiki.

Wataƙila mai dasawa ba zai zauna a inuwar ba, amma jikansa zai zauna.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka gafarta mana son kanmu. Ka ba mu zuciyar tausayi irin taka, mu kula da yaran da ka danƙa mana da ƙasar da ka ba mu amana. Cikin sunan Yesu, Amin.