Jirginmu ya faɗi sau goma sha ɗaya kafin ya tashi

Duk wanda ya girma a Jushi ya san ƙarar ƙananan jiragen nan na Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama da ke Palladan, wadda aka kafa a 1964. Muna yara mukan ɗaga kai muna yi musu ihu. Ba wanda ya taɓa tambayar abin da ke riƙe su a sama. Sai a hutun da ya wuce, bayan mun shiga jami'a a Samaru, tambayar ta tare mu a cikin wayar hannu.

Mu uku ne, da ƙanen ɗayanmu ɗan aji biyu na babbar sakandare da ke manne mana. Wasan sunansa SimplePlanes. Ba a ba ka jirgi a haɗe. Kai za ka ɗauko gangar jiki, fukafukai, inji, tayoyi da tankin mai ka harhaɗa, sannan ka hau titin tashi ka ga ko abin naka zai tashi. Muka ce ba za mu yi ƙaramin abu ba, B-25 Mitchell za mu kwaikwaya.

Jirgin Amurka ne na Yaƙin Duniya na Biyu, mai jefa bama-bamai. Ana kiransa matsakaici domin inji biyu gare shi, bai kai manyan nan masu inji huɗu ba. Ya fara tashi a watan Agustan 1940, kuma an ƙera kusan 10,000. Daga bakin wannan fiffike zuwa wancan mita 20 ne da ɗoriya, tsawonsa kamar mita 16, kuma wutsiyarsa biyu ce. Abin da ya ja mu gare shi shi ne labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. Tun watan Satumban 1940 Turawan Ingila ke haɗa jiragen yaƙi a Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, su biyo da su ta Legas, Kano da Maiduguri, su wuce Khartoum har Alƙahira. Daga baya Amurkawa ma suka bi wannan hanya ta tsakiyar Afirka, har da irin B-25 da aka kai Masar a 1942. Wato kakanninmu sun ga jiragen wancan yaƙi da idonsu.

Kwana huɗu muka yi muna gyaran siffa. Hancin gilashi, wutsiya biyu, koren fenti, har tauraro muka manna. Wallahi ya yi kyau. Muka ɗora shi a titi, muka ba shi wuta. Ya yi gudu, ya ɗaga hanci, ya ci gaba da ɗagawa har ya miƙe tsaye kamar dokin hawan Sallah, sannan ya kifa ta baya. Muka ƙara ƙarfin inji, ya kifa da sauri fiye da da. Muka faɗaɗa fukafukai, duk ɗaya. Sau goma sha ɗaya, ƙanen nan yana ƙirga mana da ƙarfi.

Shi ne kuma ya ce, "Yaya, waɗannan ƙwallayen masu launi fa, me suke nufi?" Muna ganinsu tun ranar farko, mun ɗauka ado ne. Ɗaya tana nuna cibiyar nauyi, inda nauyin jirgi duka ya taru. Ɗaya kuma tana nuna cibiyar ɗagawa, inda iska ke tallabe fukafukai. A jirginmu cibiyar nauyi tana bayan ta ɗagawa, saboda mun cika bayan jirgin da kayan ƙawa da tankin mai, hancin kuwa fanko.

Ku tuna ɗan garuwa. Sanda ɗaya a kafaɗa, garwa biyu. Idan ta baya ta fi nauyi, ko ta fi nisa da kafaɗa, sandar gaba sama za ta yi. Nauyi sau nisa a wannan gefe dole ya daidaita da nauyi sau nisa a wancan. Wannan dai darasin ne da malamin Fiziks ke yi da rula da ƴan duwatsun awo, wanda mu ma muka haddace don jarrabawar WAEC muka watsar a ƙofar ɗakin jarrabawa. Abin kunyar, yaron da ke cikin darasin yanzu shi ya zana mana lissafin a bayan littafinsa. Muka matso da tankin mai gaba, muka ƙara wa hanci nauyi, har cibiyar nauyi ta ɗan shige gaban ta ɗagawa. Kaɗan ake so. Idan ta yi gaba da yawa, hanci ba zai ɗagu ba sam.

Tayoyi ma sun ba mu wahala. B-25 ƙafa uku gare shi, ɗaya a hanci, biyu a ƙarƙashin injina. Manyan biyun sai sun zauna ɗan bayan cibiyar nauyi. Da muka kai su gaba, jirgin zaman ɗuwawu ya yi tun bai motsa ba.

A gwaji na goma sha biyu ya tashi. Amma yana rangaji hagu da dama. A nan muka koma hotunan jirgin na gaskiya muka lura da abin da idonmu ya tsallake: fiffiken yana hawa sama daga jiki zuwa inji, daga inji zuwa ƙarshe kuma a shimfiɗe yake. Jirage tara na farko da kamfanin North American ya ƙera fiffikensu hawa yake har ƙarshe, kuma ba sa tsayawa daidai a sama, shi ya sa injiniyoyin suka shimfiɗe ɓangaren waje. Mu da muka miƙe namu don ya fi kyau, kuskuren 1940 muka maimaita a Jushi. Da muka gyara, rangajin ya ragu sosai.

Bama-bamai dai ba mu saka ba. Mun yi musu a kai, ɗayanmu ya ce kwaikwayo bai cika ba sai da su. Sauranmu muka ƙi. Abin da jirgin ya ɗauka ya faɗa kan mutane ne masu gida da iyali, kuma ba abin da muke son koya a can. Muka zuba nauyi daidai gwargwado a cikin jirgin don lissafi ya zauna.

Saura gwaji ɗaya. A ranar 18 ga Afrilun 1942, B-25 guda 16 sun tashi daga kan jirgin ruwan yaƙi mai suna Hornet, na farkonsu da filin gudu da bai kai mita 150 ba. Wasan yana da jirgin ruwa irin wannan. Sau uku muna gwadawa, sau uku muna shan ruwan teku. Ƙanen namu ya ce matsalar tana ga faifan bayan fiffike da ake saukewa lokacin tashi, namu sun yi ƙanƙanta. Ya karɓi wayar, ya ce mu ba shi zuwa Asabar.