Yaƙi da Jahilci Aikin Gayya Ne

Kowace shekara, ran 8 ga Satumba, duniya takan tuna da yaƙi da jahilci. Hukumar UNESCO ce ta keɓe ranar, aka fara kiyaye ta a 1967. Mu da muke koyarwa a makarantun ikkilisiya mun san cewa yaƙin nan bai ƙare ba tukuna. Akwai gidaje da yawa inda yaro ne kaɗai ya iya karatu. Uwa ba ta iya duba takardar sakamakonsa, ba ta iya karanta abin da aka rubuta a jikin kwalbar magani. Uba kuwa, in an aiko masa da kuɗi ta waya, sai ya miƙa wa wani ya duba masa, har ya faɗa masa lambar sirrinsa.

Ƙungiyoyi da hukumomi sukan zo da niyyar taimako. Waɗansu azuzuwan da suka buɗe sun daɗe, waɗansu kuwa ko shekara ba su kai ba. Me ya kawo bambancin? In mun duba abin da ya faru a ƙasarmu a dā, za mu ga amsar.

Yadda aka yi a dā

Tun kafin zuwan boko, maƙwabtanmu Musulmi suna karatu da rubutu da ajami. Da boko ya zo, sai aka ga ba abin karantawa a cikinsa. Saboda haka aka kafa ofishin fassara, wanda ya zauna a Zariya a hannun Dokta Rupert East. A 1933 ofishin ya sa gasar rubuta labarai, daga nan aka sami littattafai irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. A 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito, a 1945 kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wadan Zariya domin buga littattafai.

A farkon shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura ɗamarar Yaƙi da Jahilci, Malam Ahmadu Coomassie na Katsina yana cikin manyan shugabannin aikin. Abin lura shi ne yadda aka raba aikin. Gwamnati ta tsara darussa. En'e-En'e suka nemo malamai a garuruwa da ƙauyuka, suna ba su ɗan abin hasafi. Sarakuna da hakimai suka kira jama'a. Aka kuma kafa wata hukuma mai suna NORLA, aikinta ta buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna, kamar Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano, domin wanda ya gama aji ya sami abin da zai riƙa karantawa.

Ikkilisiya ma ta yi nata. An gama buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, a wurare da yawa kuwa mai neman baftisma sai ya fara koyon karatu. Kakanninmu da yawa a nan suka san baƙi da wasali, a ƙarƙashin itace, a hannun mai bishara. Zumuntar Mata ta haɗa karatu da ɗinki da saƙa da kiwon lafiyar yara. A Filato kuma, wajen ƙarshen shekarun 1950, Peter Batchelor na mishan ɗin SUM ya soma shirin Faith and Farm, inda ake koya wa manoma noma da shanu da kula da ƙasa.

Amma ga darasin da ya fi muhimmanci. A 1959 aka rufe NORLA, gama ta yi ta fama da wahalar sayar da littattafanta da kai su ƙauyuka. Mutumin da ya sha wahala ya sami takardar shaida, in ba shi da abin karantawa, a hankali sai baƙaƙen su gudu daga kansa. Karatu kamar fartanya ne, in an jingine ta sai tsatsa. Masu shirya littattafan makaranta na dā sun san haka, shi ya sa bayan Ka Koyi Karatu akwai Ka Ƙara Karatu, akwai kuma Ka Yi Ta Karatu.

Daga baya an sāke ɗaura ɗamara. A 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, Jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya tata, har UNESCO ta ba ta lambar yabo a 1983. A 1990 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar ilimin manya ta ƙasa, wato NMEC, jihohi kuma suna da nasu hukumomin. Ashe ƙofofin da za mu ƙwanƙwasa suna nan.

In ƙungiya ta zo garinku

Gayya ba ta kyau sai kowa ya san kunyar da zai nome. Saboda haka in wata ƙungiya ta zo da zancen buɗe ajin manya, kada murna ta hana dattawan ikkilisiya da shugabannin mata yin tambaya. Ga tambayoyi biyar da ya kamata a yi tun kafin a rubuta sunan kowa.

Ta fari, da wane harshe za a koyar? Babba yakan fi saurin gane karatu da harshen da yake ji. In ya iya da Hausa ko da harshen gidansu, Turanci zai zo masa da sauƙi daga baya.

Ta biyu, wa zai biya malami, har zuwa yaushe kuma? Yawancin azuzuwan da suka mutu, ranar da kuɗin malami ya tsaya suka mutu. Gara a san ranar tun da wuri, a shirya wanda zai ɗauka daga nan.

Ta uku, yaushe za a riƙa zama? Ajin da aka sa a tsakiyar damina ko ranar kasuwa, kujeru za a koya wa. Bayan kaka ne manomi yake da sarari. Mai goyo kuma tana bukatar wanda zai riƙe mata yaro na sa'a ɗaya ko biyu.

Ta huɗu, me za a karanta bayan an gama? In amsar ita ce babu, to, sai ikkilisiya ta tanadi akwati guda na littattafan Hausa da mujallu, a sa mutum ɗaya ya riƙa ba da aro yana rubutawa.

Ta biyar, in akwai koyon sana'a, ina kasuwarta? In aka koya wa mata 30 yin sabulu a ƙauye ɗaya, wa zai saya daga wurin wa? Kowace sana'a kuma a haɗa ta da lissafi, domin mai ita ta iya rubuta jari da riba da bashi, ta iya duba littafin adashi da idonta.

Rabon gida

Akwai kunyar da ba wata ƙungiya da za ta nome mana, ita ce ta cikin gida. Wani labari daga wata ƙasa mai nisa ya nuna haka. Frank Laubach ɗan mishan ne daga Amurka, yana koya wa mutanen Maranao karatu a ƙasar Filifin. A farkon shekarun 1930 kuɗin biyan malamansa ya yanke saboda karyewar tattalin arziki. Maimakon a rufe aikin, sai aka tsai da shawara cewa duk wanda ya koya, lalle ya koya wa wani. Da wannan dabara aikin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa.

Mu ma muna iya yin haka. Maigida, in matarka tana son shiga aji, ka ba ta dama, ka saya mata littafi da fensir. Yara, in mama tana haɗa baƙaƙe a hankali, kada ku yi mata dariya, kada kuma ku karɓe littafin ku karanta mata. Ku zauna kusa, ku jira ta kai ƙarshen layi da kanta. A lokacin addu'ar iyali da dare, a ba sabon mai karatu aya ɗaya gajeriya ya karanta. Minti 15 kowace rana sun fi sa'a 3 sau ɗaya a wata.

Mun lura a makaranta cewa yaron da yake ganin iyayensa da littafi a hannu ba ya ɗaukar karatu kamar horo. Saboda haka, 'yan'uwa, kafin kaka ta wuce, bari kowace ikkilisiya ta ƙidaya manyanta da ba su iya karatu ba, cikin hikima ba tare da kunyatar da kowa ba. A aiki mutum biyu zuwa ofishin ilimin manya na ƙaramar hukuma su tambayi abin da za a iya samu, ko malami ko littattafai. A kuma buɗe ƙofar ajin ga dukan maƙwabta, Kirista da Musulmi, gama gayya ta gari duka ce.