Kasuwanninmu a bakin kogi: me ya sa ambaliya ke fara cin mu, kuma wa ke biyan asara?

Duk wanda ya zagaya zangon Hausawa da kasuwannin shanu na kurmi zai lura da abu guda: yawancinsu a kwari suke, ko a bakin ruwa. Kara ta hanyar Legas zuwa Badun tana gaɓar kogin Ogun. Kasuwar shanu ta Oko, kusa da Asaba, tana cikin shimfiɗar kogin Kwara. Haka Mile 12 da unguwannin da ke kan hanyar Ikorodu. Ba haɗuwar sa'a ba ce. Dabba tana son ruwa da ciyawa, tirela tana son fili a bakin titi, baƙo kuma filin da 'yan gari ba su damu da shi ba ake ba shi. Filin da ba a damu da shi ba kuwa, sau da yawa na kogi ne.

Menene fadamar kogi?

Kowane babban kogi yana da hanya biyu. Akwai kwarin da yake bi kullum, wanda muke gani da rani. Akwai kuma shimfiɗaɗɗen fili a gefe da gefe, wanda yake malala a kai idan ya cika ya batse. Wannan na biyun shi ne fadama. Mutumin Arewa ya san ta sarai, don a nan ake shinkafa da rake da noman rani. Manomin fadama bai taɓa mantawa cewa aron wurin aka ba shi ba. Matsalar tana farawa ne idan aka cike fadamar da ƙasa, aka dasa shaguna da gidaje. Ruwan da ya saba kwanciya a nan bai ragu ba ko da bokiti ɗaya. Ko dai ya shiga ɗakin wanda ya tare masa wuri, ko ya zarce ya ci maƙwabcin da ke ƙasa da shi.

Ambaliya iri biyu ce ke damun mu, kuma yana da kyau a raba su. Ta farko ita ce ta ruwan sama da ya sauka a kanmu, kwata ta toshe da leda da robobi, ruwa ya rasa hanya. Wannan cikin awa biyu take zuwa, cikin yini ɗaya ko biyu ta janye. Ta biyu ita ce ta kogi. Ita wannan tana iya zuwa rana na ƙwallewa, ba ko ɗigon ruwa a garin, domin ruwan an yi shi ne can nesa, makonni da suka wuce. Idan ta zo kuma sai ta yi makonni a kwance. Ita ce mai cinye jari.

Daga ina ruwan yake zuwa?

Kogin Kwara da na Binuwai suna haɗuwa a Lakwaja, daga nan su gangara ta Idah, Anacha da Asaba, har su watsu a Delta, Bayelsa da Ribas. A kan Kwara akwai dam ɗin Kainji da na Jebba, a kan kogin Kaduna akwai Shiroro. A kan Binuwai kuwa akwai Lagdo a arewacin Kamaru, wanda aka gama a 1982. An tsara Najeriya ta gina nata dam a Dasin Hausa, jihar Adamawa, don ya tare ruwan da Lagdo zai saki. Har yau ba a gina shi ba.

Sai dai a gane, dam ba rijiya ce marar ƙasa ba. Idan ya cika dole a buɗe ƙofa, in ba haka ba bango ya fashe, abin ya fi muni. Mutanen Maiduguri sun ga haka a Satumban 2024 lokacin da dam ɗin Alau ya ɓalle. Sannan ba duk ruwan Binuwai ne daga Lagdo ba. Kogunan Gongola, Taraba, Donga da Katsina-Ala duk a cikin Najeriya suke zuba masa ruwa. Don haka ɗora wa Kamaru laifin kowace ambaliya rabin magana ne.

Mu na Legas da Ogun, namu dam ɗin shi ne Oyan, kusa da Abekuta. Idan aka sake shi, galibi wajen Satumba da Oktoba, ruwan yana biyo kogin Ogun ya sauko Isheri, Kara, Ajegunle ta hanyar Ikorodu da kewayen Mile 12. Waɗanda suka daɗe a nan suna tuna abin da ya faru a 2010 da 2019.

A 2012 hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce mutum 363 ne suka rasu, sama da miliyan 2 suka bar gidajensu. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600, kusan miliyan 1.4 suka rasa matsuguni. A shekarar ce ruwa ya shanye titin Abuja zuwa Lakwaja wajen Koton Karfe, manyan motoci suka yi kwanaki a tsaye, kuma titin da ke haɗa Bayelsa da maƙwabtanta ya yanke. Kowa a harkar shanu ya san ma'anar tirela ta yi kwana biyar a kan titi da dabbobi a tsaye: wasu su mutu, wasu a yanka su a sayar a wulaƙance, sauran su iso kasuwa sun zube.

"Ambaliyar shekara ɗari" ba ta nufin sai bayan shekara ɗari

Masana ruwa suna da wata magana mai rikita mutane. Idan suka ce wuri yana cikin yankin ambaliyar shekara ɗari, ba suna nufin in ta zo bana ka huta sai jikokinka ba. Nufinsu shi ne, a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ta zo. Tana iya zuwa bana, ta dawo baɗi. Idan ka zauna a wurin shekara 30, yiwuwar ta same ka aƙalla sau ɗaya ta kai kusan kashi 26 cikin 100, wato ɗaya cikin huɗu. To ina ga wurin da yiwuwarsa ɗaya cikin goma ce duk shekara? A shekara 10 kacal lissafin ya kai kashi 65. Wanda zai kama hayar sito ya zuba buhunan dusa da wake, wannan lissafin ya fi masa amfani a kan arhar haya.

Yadda ake sarrafa fadama

Aikin gwamnati a nan kashi huɗu ne. Na ɗaya, taswira: a auna a san iyakar inda ruwa ke kaiwa. Na biyu, doka: a hana gini a kan hanyar ruwa, inda aka yarda a yi kuma a ɗaga daɓen sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa. Na uku, ayyuka: yashe magudanai, faɗaɗa kwalbati, gina dam da shinge. Na huɗu, gargaɗi a kan lokaci.

Na huɗun muna da shi, mu ne dai ba mu cika bibiya ba. Hukumar hasashen yanayi, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon shekara. Hukumar kula da koguna, NiHSA, tana fitar da rahoton ambaliya na shekara kafin damina ta kankama, tana lissafa jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Sai dai ba kasafai yake isa rumfar dillalai ba.

Na biyun kuma shi ne mai zafi. Gwamnatin Legas ta yi ta rushe gine-ginen da suka hau kan magudanan ruwa a 'yan shekarun nan, har da manyan gidaje a Lekki. A Janairun 2024 ta kuma haramta robar zuba abinci ta soso, saboda toshe kwata. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna. Saboda haka rasiɗin da wani mai unguwa ko 'yan gida suka rubuta maka ba zai hana katafila ba idan ginin yana kan hanyar ruwa. Kafin ka biya kuɗin fili ko ka zuba siminti, je ofishin tsara birane ka tambaya.

Inshorar ambaliya ta gwamnati: yadda Amurka ta yi

Me ya sa sai gwamnati ta sa hannu? Ga misali. A ce 'yan kasuwa 200 su riƙa zuba naira 5,000 kowane wata. A shekara an tara miliyan 12. Idan gobara ta ci rumfa biyu, kuɗin zai ishe su. Amma ambaliya ba rumfa biyu take ci ba, duka 200 ɗin take ci rana ɗaya. Asusun sai ya zama kamar adashin da kowa ya zo kwasa lokaci guda. Wannan ne ya sa kamfanonin inshora na Amurka suka daɗe suna gudun ambaliya.

A 1968 majalisar dokokin Amurka ta kafa shirin inshorar ambaliya na ƙasa, wanda hukumar FEMA ke gudanarwa yanzu. Ciniki ne tsakanin gwamnatin tarayya da garuruwa: gari ya amince ya kafa dokar gini a fadama ya kuma tsare ta, su kuma mazauna garin su samu damar sayen inshora. Garuruwa sama da 22,000 ne a ciki. Wanda ya ci bashin gida mai goyon bayan gwamnati a yankin haɗari, dole ya saya. Iyakar abin da ake biya a gidan zama dala 250,000 ce a kan gini, 100,000 a kan kayan ciki. Ɗan haya ma yana iya saye don kayansa kawai. Yawanci kuma sai an yi kwana 30 da saye take fara aiki, don kada mutum ya jira sai ya hango ruwa. Garin da ya ƙara himma wajen kare kansa ana rage wa mutanensa kuɗin zubi, har zuwa kashi 45 cikin 100.

Shirin bai tsira daga matsala ba. Tun bayan guguwar Katrina a 2005 yake cikin bashi. A 2017 majalisa ta yafe masa dala biliyan 16, duk da haka ana bin sa sama da biliyan 20. Dalili ɗaya shi ne an daɗe ana karɓar kuɗin da bai kai girman haɗarin ba, sai wasu suka riƙa sake gini a wuri guda ruwa na sake ci. Birtaniya ta kauce wa wannan tarkon a shirinta na Flood Re da ya fara a 2016: gidan da aka gina daga 2009 zuwa sama ba ya ciki, don kada rangwamen ya zama gayyatar gini a fadama. Darasin dai ɗaya ne. Inshora ba tare da dokar gini ba, zuba ruwa ne a kwando.

To mu fa a Najeriya?

Abin da muka saba gani shi ne agaji bayan ɓarna: shinkafa, tabarma, kwanon rufi. Agaji taimako ne, ba diyya ba ne, kuma baƙon da sunansa ba ya cikin rajistar unguwa yakan zo a ƙarshen layi. Mafi kusa da inshorar gwamnati shi ne NAIC, kamfanin inshorar noma na tarayya. Shirin ya fara a 1987, yana rufe amfanin gona da dabbobi, ambaliya na cikin abubuwan da yake biya, kuma gwamnati na ɗauke har rabin kuɗin zubi a wasu nau'o'in. Mai garke ko mai turka shanu ya je ya ji sharuɗɗa. Ɗan kasuwar da dabbarsa ke kwana uku a kara ta wuce, ya tambaya ƙarara ko irin nasa yana shiga.

A kamfanoni masu zaman kansu, inshorar gobara zalla ba ta biyan ambaliya sai an ƙara ta a rubuce. Akwai kuma inshorar kayan da ke kan hanya, sai dai ka tabbata takardar ta ambaci dabbobi masu rai da kuma mutuwa saboda tsaiko. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba saboda riba, akwai takaful, wanda hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa tun 2013. Kowanne ka zaɓa, ba a biya sai da shaida: rasiɗi, hoton kaya, littafin shiga da fita. Cinikin baki da baki da muka gada ba ya tsayawa a gaban mai tantance asara.

Abin da ke hannunmu kafin Agusta

Shugabannin kara da sarakunan Hausawa su nemi tudun da za a kai dabbobi tun yanzu, a yi magana da masu filin, a san hanyar da za a bi da dare. A naɗa matasa biyu masu karatu su riƙa bin sanarwar NiHSA da ta masu kula da dam, su fassara su tura a WhatsApp da muryar Hausa. A shafa fenti a bango daidai inda ruwa ya tsaya a ambaliyar da ta wuce, duk wani sito ya zama kayansa na sama da layin. A rage lodin da ake tarawa a Satumba da Oktoba, kafin a ɗora shanu daga Arewa kuma a kira direbobin da ke Lakwaja a ji halin titi. Bayan ruwa ya janye kada a saki dabbobi a ciyawar fadama nan take, don ciwon hanta da ruɓewar kofato, kuma a tafasa ruwan sha saboda amai da gudawa.

Ƙungiyoyinmu suna biyan haraji a kan kowace dabba da ta sauka. Wannan ya ba su bakin tambayar ƙaramar hukuma abu uku a rubuce: ina taswirar ambaliyar wurin nan, wa zai sanar da mu kafin a buɗe dam, kuma ina aka tanada mana mu koma. Gara a kai takardar da rani, lokacin da ake iya zama a yi magana a busasshiyar ƙasa.